Kiɗan Dogon Amo da Kwamfuta: Tambayoyin da Masu Farawa a Jos Suka Fi Yi

Jos gari ne na masu haɗa kiɗa: na waƙoƙin fim, na coci, na gambarar zamani, kowa da sutudiyonsa ko da ɗaki ɗaya ne. Cikinsu akwai 'yan tsiraru da kunnensu ya karkata ga wani kiɗa da ba shi da ganga ba shi da baiti, sai sauti guda da ake ja har tsawon rabin awa ko fiye. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ƙannenmu masu son shiga wannan harka suke ta maimaita min, daga na farko-farko har zuwa masu ɗan zurfi.

Mene ne kiɗan dogon amo?

Kiɗa ne da ake ginawa a kan sauti ɗaya ko 'yan kaɗan da ba sa yankewa. A ƙasashen waje duron ake ce masa. Babu amshi, babu bugun da za a taka rawa da shi. Abin da ke motsi yana cikin sautin ne: kaurinsa, haskensa, yadda yake kumbura yana sacewa. Canjin kamar inuwar katanga yake, ba ka ganin tafiyarta, amma in ka waiwayo bayan ɗan lokaci sai ka tarar ta matsa.

Malam, tsakani da Allah wannan kiɗa ne? Ni dai ƙara nake ji.

Kiɗa ne, kuma kunnenka ya daɗe da saninsa. Tsaya kusa da mai algaita ranar hawa ka duba kumatunsa: yana tara iska a baki yana tura ta, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa busar ba ta yankewa. Ka tuna kuma da wannan zuuu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin muryar mawaƙi a waƙoƙin gargajiya na finafinan Indiya da muka tashi muna kallo. Tanbura ce, molo mai dogon wuya da yawanci tsirkiya huɗu gare shi, ba ta da wani aiki sai riƙe amo ɗaya daga farko har ƙarshe.

Bambancin kawai shi ne a can amon yana yi wa waƙa shimfiɗa, a nan kuwa an ɗauke waƙar an bar shimfiɗar. Minti biyun farko kowa ƙara yake ji, har ni. Sai an daure zuwa minti na biyar ko na shida kunne yake daina jiran ganga ta shigo, ya fara tsinto ƙananan muryoyin da ke cikin sautin. Wanda ya saurara na daƙiƙa talatin a waya ya yanke hukunci, bai ji komai ba tukuna.

Su wa suka fara yin sa da na'ura?

Sunan da aka fi ambata shi ne La Monte Young, ɗan Amurka da aka haifa a 1935. A 1960 ya rubuta wani kiɗa mai sauti biyu tak, da umarnin a riƙe su na dogon lokaci. Daga baya shi da matarsa Marian Zazeela suka yi karatu wurin mawaƙin Indiya Pandit Pran Nath, kuma a 1993 suka buɗe wani ɗaki a birnin New York da na'ura ke fitar da amo ba ƙaƙƙautawa, mutane na shiga suna zama. A Faransa akwai Éliane Radigue, haihuwar 1932, wadda ta shafe kusan shekara 30 tana aiki da sintisaiza guda ɗaya, wato na'urar haɗa sauti da lantarki, mai suna ARP 2500. Ni a wurina ita ce babbar malamar haƙuri a wannan fanni, domin ba ta taɓa neman burge kowa da yawan kaya ba.

Ta ɓangaren kwamfuta kuwa, Max Mathews ne ya rubuta manhajar MUSIC a ɗakin binciken Bell a 1957, kuma kiɗan farko da ta fitar daƙiƙa 17 ne tsawonsa. Wasu daga manhajojin da za a ambata a amsa ta gaba jikokin wannan aikin ne.

Wane kaya nake buƙata? Laftof ɗina tsoho ne.

Tsohon ya isa. Dogon amo ba ya cin ƙarfin kwamfuta kamar haɗa bidiyo. Pure Data, wadda Miller Puckette ya fitar a 1996, kyauta ce, ba ta da nauyin saukewa, kuma akwatuna ake haɗawa da layi, ba sai ka iya rubutun kwamfuta ba. SuperCollider ta James McCartney, ita ma 1996 ta fito, aka sake ta kyauta a 2002. Rubutu ake yi a cikinta, ta fi wuyar koyo amma ta fi nisan zango. Akwai Csound, akwai VCV Rack mai kwaikwayon sintisaiza ta wayoyi, akwai Audacity don yanka da gyara. In kuwa hannunka ya riga ya faɗa a FL Studio kamar yawancin 'yan sutudiyon garin nan, kada ka je ko'ina: 3xOsc, ƙaramin sintisaizan da ke ciki, ya ishe ka aikin wata shida.

Inda ya kamata kuɗinka su tafi shi ne hedifon mai rufe kunne, wanda ba ya ƙara wa sauti kauri na ƙarya. Dalilin yana cikin amsar tambaya kan waya da ɗaki.

Ta ina zan fara sautin farko?

Fara da osileta ɗaya, wato abin da ke haifar da sauti a manhaja, mai fitar da tsantsar sauti, wanda manhajoji ke kira sayin. Ana auna sauti da Hz, wato sau nawa iska ke kaɗawa a daƙiƙa. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Sa osiletar a 110, ka rage ƙarfinta sosai, ka zauna da ita minti uku ba ka taɓa komai ba.

Sannan ka kawo 'ya'yanta, wato ninkin wannan lamba: 220, 330, 440, 550, 660, 770. Duk wani sauti mai amo, na goge ne ko na maƙogwaron mutum, uwa ce da irin waɗannan 'ya'ya, kuma yawan ƙarfin kowane ɗa shi ke bambanta goge da sarewa ko da sun kama murya ɗaya. Shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ƙasa da na gabansa a ƙarfi. Abu biyu za ka kiyaye. In jimillar ƙarfinsu ta haura 1, sautin zai fashe ya riƙa tsattsagewa. Osileta goma kowace a 0.1 sun riga sun taɓa rufi. Kuma kada ka kunna ko ka kashe sauti farat ɗaya, zai yi ƙas. Ba shi daƙiƙa goma ko ashirin ya taso a hankali.

Na haɗa, amma sautin ya tsaya cik, ba rai. Me ya rage?

Nan ne ainihin sana'ar take. Kwamfuta ba ta da rawar hannu, ba ta gajiya, don haka abin da ka ba ta shi za ta riƙe har abada ba ƙari ba ragi. Kai ne za ka saka motsin.

Hanya ta farko bugu ne. Kunna 220 da 221 tare: za ka ji sautin yana kumbura yana sacewa sau ɗaya a daƙiƙa, domin yawan bugun shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin biyu. Mai da ta biyun 220.1, sai numfashin ya koma sau ɗaya a daƙiƙa goma. A 3xOsc, in ka murɗa ƙaramin saitin osileta ta biyu da senti 5 (senti 100 ne tazarar maɓalli ɗaya na fiyano) a kan 110, za ka sami bugu kusan duk daƙiƙa uku. Yi wa kowane ɗan sauti tagwai irin wannan, kowanne da tazararsa, ka ji yadda abin da ya mutu ɗazu ya fara lilo ta ko'ina. Na sha ganin yaro ya cire hedifon yana duba ko wani ne ya taɓa masa laftof.

Hanya ta biyu ita ce osileta mai jan ƙafa, wadda a manhaja za ka ga an rubuta LFO. Ba a jin ta. Aikinta murɗa maka maɓalli a hankali, na ƙarfi ko na filta, wato matatar sauti. Sirrin shi ne kada zagayensu ya riƙa haɗuwa. In ɗaya tana zagaye a daƙiƙa 10, ɗaya a 20, duk daƙiƙa 20 komai zai maimaitu, kunne ya gano ya gundura. Amma ka ba su 17 da 23 da 31: ba za su sake dawowa wuri ɗaya ba sai bayan daƙiƙa 12,121, wato sama da awa uku da minti ashirin. Kuma kada ka sakar wa na'ura komai. Bar maɓalli ɗaya ko biyu a hannunka, ka murɗa su kana saurare lokacin naɗa, domin mai sauraro yana gane inda mutum ya yanke shawara.

Me ya sa in na riƙe maɓallan fiyano uku sautin ke makyarkyata, ba ya kwanciya?

Saboda saitin fiyano sulhu ne. An raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12 daidai wa daida don a iya kiɗa a kowane ki, wato daga kowane maɓalli aka fara, sai kowace tazara ta ɗan kauce wa asalinta. A waƙa mai sauri ba wanda zai lura, amma a amon da aka riƙe minti biyar ba ta ɓuya. Ɗauki 220 a matsayin uwa. Abokin da ke kwanciya da ita lumui shi ne 275, wato 5 bisa 4, amma fiyano 277.18 yake ba ka, kuma 'ya'yansu na sama suna karo kusan sau 9 a daƙiƙa. Wannan ce makyarkyatar. A tazarar 3 bisa 2 kaucewar kaɗan ce: 330 ne asali, fiyano 329.63.

Maganin shi ne ka ajiye maɓallan ka rubuta lambobin da hannunka: uwar sau 3 bisa 2, sau 5 bisa 4, sau 7 bisa 4. Wannan na ƙarshen, 385 a kan 220, babu shi a fiyano sam, kuma yana daga cikin sautukan da na fi ƙauna. In komai ya kwanta, sai ka dawo da bugun da kake so da gangan, yadda aka bayyana a amsar da ta gabata.

Ina jin ana cewa FM, ana cewa ƙwayoyin sauti. Wanne zan koya?

Abin da aka bayyana a amsar sautin farko shi ne hanyar tarawa: ka jera tsantsar sautuka har su zama ɗaya. Kishiyarta hanyar ragewa ce: ka ɗauko sauti mai 'ya'ya da yawa, ka sa filta ta tace na sama, kana buɗe ta kana rufewa a hankali. FM kuwa John Chowning ne ya gano ta a Jami'ar Stanford a 1967, kamfanin Yamaha ya saye lasisinta, ta cika duniya da fiyanon DX7 a 1983. Osileta ɗaya ke girgiza ɗaya da sauri. In lambobinsu ninkin juna ne, sautin yana fitowa sumul. In ba haka ba, sai ya koma amon ƙarfe da ƙararrawa. Sytrus na FL Studio wannan aikin yake yi.

Hanyar ƙwayoyi ita ce a daddatsa sautin da aka naɗa zuwa gutsattsari da ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, a watsa ɗaruruwansu a kan juna har su zama gajimare. Kusa da ita akwai Paulstretch da ke cikin Audacity, mai miƙe jan goge na daƙiƙa biyar ya kai minti da yawa. Yana da daɗi, shi ya sa nake jan kunne a kansa: duk abin da aka zuba masa kusan kala ɗaya yake fitowa. Shawarata a fara da tarawa, domin ita ke koya wa kunne abin da sauran suke yi.

Janareta da wutar gida suna shigar min da ƙugi. Yaya zan yi?

Wutar Nijeriya 50 Hz take kaɗawa, don haka ƙugin da ke shiga waya a 50 yake da 'ya'yansa, taransifoman unguwa kuma a 100 ya fi yin nasa. Ƙananan janareta suna juyawa sau 3,000 a minti don su ba da wannan 50 ɗin. Saurara da kyau lokacin da firji ya tashi ko aka jona dutsen guga, za ka ji muryar injin ta ɗan faɗi sannan ta farfaɗo. In ƙugin a sifika ko hedifon yake, zare cajar laftof ka yi aiki da batir, sau da yawa nan take yake ɗaukewa. Jona duk kayan a soket ɗaya, ka raba wayoyin sauti da na wuta. Abin da ka haɗa a cikin kwamfuta ka fitar a matsayin fayil kuwa, ƙugin ba ya shiga cikinsa ko kaɗan. Makirfo da wayoyi kawai yake bi. Kuma ka riƙa ajiye aikinka a kai a kai, kowa ya san halin wuta.

Akwai wata hanyar da na fi so: in ba za ka iya korar ƙugin ba, ka mai da shi uwar kiɗan. Gina komai a kan 50, 100, 150, 250, 350. La Monte Young haka ya yi da 60 Hz na wutar Amurka, kuma ya sha faɗin cewa ƙugin turakun wuta na cikin sautukan da suka zauna masa tun yana yaro. Da yake wutarmu ba ta tsayawa cak a 50, tana ɗan hawa tana sauka, osiletarka da taransifoman layinku za su riƙa bugu da juna, bugun yana sauri yana lafawa gwargwadon nauyin da ke kan layi. Wannan motsi ne da ba LFO ɗin da zai ƙago maka shi.

A hedifon yana da kauri, a waya babu komai, a ɗaki kuma wani wuri ya cika wani wuri ya ɓace.

Sifikar waya kusan ba ta fitar da komai ƙasa da 200 Hz, kuma yawancin masu sauraronka da ita za su ji. Kada ka ƙara wa uwar ƙarfi, ba zai yi amfani ba. Ƙarfafa 'ya'yan: in kunne ya ji 200, 300, 400 da 500 tare, shi da kansa yake cike gurbin 100 ko da babu ita. Ka kuma gwada aikin da sifika ɗaya, domin tagwayen da ka raba hagu da dama suna iya cinye juna in an haɗe su.

Ɗaki kuma nasa kiɗan yake yi. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura 43 da 86 da 129. Kunna 86 ka taka a hankali daga bango: a jikin bangon kamar zai danne ka, mita ɗaya gaba ya kusa ɓacewa, a tsakiyar ɗaki ya dawo. Lokacin gyara wannan matsala ce, shi ya sa hedifon ya zama dole. Ranar da za ka kunna wa jama'a kuwa, dama ce: bar su su zazzaga, kowa zai ji nasa.

Ba ya lalata kunne?

Yana iya lalatawa, kuma ya fi waƙa haɗari, domin ba ya ba kunne hutu kuma mutum yana sabawa ya riƙa ƙara murya bai sani ba. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce awa 8 a desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 100 minti 15 ne kacal. Saita ƙarfin tun farko yadda za ka ji mai yi maka magana a gefe, kada ka sake taɓa shi. Huta duk bayan minti arba'in. In ka tashi kunnenka na yin ziii, ka wuce gona da iri. In ya kwana bai daina ba, je asibiti.

An ce 432 Hz da 528 Hz suna warkar da cuta. Gaskiya ne?

Ba magani ba ne. 440 da ake saita kayan kiɗa da shi yarjejeniya ce da aka cimma a taron Landan na 1939, kuma 432 wata lamba ce kawai da ta ɗan fi shi ƙasa. Amo mai taushi yana iya kwantar wa mutum da hankali kamar kowane kiɗa mai sanyi, wannan ba laifi. Amma don Allah kada ka sayar wa mara lafiya fayil da sunan waraka.

Zan iya naɗar sautin gari in zuba a ciki?

Ƙwarai, Jos ma cike take da shi: injin markaɗe da asuba, ruwan Agusta a kan kwano, iskar hunturu a duwatsun Shere, dirin manyan motocin kayan gwari a Farin Gada. Wayarka ta isa, ka dai lulluɓe makirfon da safa saboda iska. Nemo lambar da injin yake kai ta hanyar matsar da osileta har bugun da ke tsakaninsu ya lafa, sannan ka gina a kanta.

Yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya a kasuwa ko tasha. Duk ɗan garin nan ya san abin da ya sa. In mai goge ko mai algaita ka naɗa, ku yi magana a fili kan inda sautin zai je, ka biya shi, ka sa sunansa. Karatun Alƙur'ani, kiran salla da addu'ar coci kuwa, ni ban sa su a ƙarƙashin kiɗa, ban kuma ba kowa shawarar ya yi.

Tsawon minti nawa ya kamata, kuma yaya ake tsara shi?

Na farkonka ya tsaya tsakanin minti 8 zuwa 12. Ɗauki takarda ka ja layi, ka rubuta abu uku ko huɗu da za su faru: ɗan sauti na bakwai ya shigo a minti na huɗu, filta ta gama buɗewa a na bakwai, uwar ta janye a na tara ta bar 'ya'yan su riƙe wurin. Janyewar nan ta fi kowace shigowa tasiri, domin kunne yana ci gaba da jin uwar bayan ta tafi, saboda dalilin da aka faɗa a amsar waya. Kwana biyu bayan ka gama, saurare shi daga farko har ƙarshe ba tare da kallon allo ba. Duk inda hankalinka ya tafi wani wuri, ko dai a rage tsawon wajen, ko a sa masa motsi.

Ina zan kai shi, kuma ana samun kuɗi?

Ajiye asalin a fayil irin na WAV, wanda ke cin kusan megabait 10 a minti. FLAC yana rage wajen rabi ba tare da asarar komai ba. Don turawa, MP3 na 320 ya wadatar, ƙasa da haka siraran sautuka suna fara yin ruwa-ruwa. Bandcamp, SoundCloud da YouTube su ne inda masu son irin wannan kiɗa suka fi taruwa.

Kuɗin sauraro kaɗan ne, kada in ruɗe ka. Inda aikin yake shi ne fim da wasan kwaikwayo. Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Jos take da makarantarta ta koyon fim, ga kwalejin talabijin ta NTA, ga ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos, ga masu shirya finafinan Hausa, kuma kowane fim yana da wurin fargaba ko jimami da waƙa za ta ɓata shi. Haɗa gajeru guda biyar na minti biyu-biyu, kowanne da yanayinsa, ka bar sarari tsakanin 300 da 3,000 Hz don maganar 'yan wasa ta fito, ka kai wa edita ya gwada a kan hoto. Ku rubuta yarjejeniya tun kafin fayil ya bar hannunka: fim ɗaya ka ba shi izini, ko ka sayar masa gaba ɗaya.